Awa 200 Sun Isa Mutum Ya Zama Malamin Yoga?

Zinariya_09: Assalamu alaikum jama'a. Na san a wannan zaure akwai waɗanda suka yi nisa a harkar yoga, shi ya sa na kawo tambayata nan. Duk inda aka leƙa a intanet sai tallan kwas na awa 200: ka zo ka yi wata guda, ka fita da takardar shaidar malanta. To ta wace hanya mutane ke bi har su kai ga koyarwa? Awa 200 ɗin nan sun isa a damƙa wa mutum ɗalibai ashirin a ɗaki ɗaya? Kuma wanda bai taɓa taka tabarma ba, daga ina zai fara? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

MaiTabarma: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Bari mu fara da inda adadin ya samo asali. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka, Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, ta sa awa 200 a matsayin mafi ƙarancin horon da za ta yarda ta yi wa malami rajista da shi. Ki lura da kalmar: mafi ƙaranci. Kuma rajista ce kawai. Ƙungiyar ba ta zama ta yi wa kowa jarrabawa, makarantar da ta horar da ke ita ke ba ki takarda, ke kuma ki kai takardar a sa sunanki a kundi. A tsarinsu na yanzu an raba awannin kamar haka: 75 na motsin jiki da numfashi da tattara hankali, 30 na sanin ginin jikin ɗan Adam, 30 na tarihi da falsafa da ladubba, 50 na sanin makamar koyarwa, sauran 15 kuma makaranta ta zaɓi abin da za ta yi da su. Ki dubi awa 30 ɗin nan na ginin jiki da kyau. Da su ake so mutum ya san gwiwa da kafaɗa da ƙashin baya. A ganina ba su isa ba, sai dai idan mutum ya shigo da ilminsa ko ya ci gaba da karatu bayan kwas.

Abu_Khalil: Ku yi lissafi kawai. Awa 200 cikin mako huɗu, awa 50 ke nan a mako, sama da awa 8 kullum idan ana hutun kwana ɗaya. Jikin da bai saba ba, a mako na biyu yake fara ƙorafi: wuyan hannu, bayan cinya, kwankwaso. Ƙwaƙwalwa ma ta cika ta batse. Shi ya sa kwas ɗin da ake shimfiɗa shi a ƙarshen mako na tsawon wata shida zuwa tara ya fi zama a kai, domin tsakanin zama da zama ɗalibi na samun damar gwada abin da ya koya a jikinsa da jikin wasu.

Dattijo_62: Malam MaiTabarma ya faɗi gaskiya, amma a san cewa kwas na wata guda ya girmi waccan ƙungiyar. Tun 1969 Swami Vishnudevananda, almajirin Swami Sivananda na garin Rishikesh a Indiya, ya fara horar da malamai na mako huɗu a ƙasashen Yamma. Kafin nan kuwa hanyar da aka fi sani ita ce: ka zauna gaban malami shekara da shekaru har ya ce maka je ka koyar. Akasarin yogar da ake yi a ɗakunan motsa jiki a yau daga hannun mutum ɗaya ta fito, Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989. Ya koyar a birnin Mysore na kudancin Indiya a shekarun 1930, ƙarƙashin kulawar sarkin garin. Pattabhi Jois ya fara karatu a wajensa yana ɗan shekara 12, a 1927, ya kuma shafe shekaru masu yawa tare da shi kafin ya buɗe tasa makarantar a 1948, wadda ta zama tushen salon Ashtanga. Indra Devi, wadda ba 'yar Indiya ba ce, ta yi karatu a wajensa a ƙarshen shekarun 1930, ta koyar a Shanghai, daga baya ta kai abin Hollywood. Ɗan Krishnamacharya, Desikachar, injiniya ne da ya ajiye aikinsa ya koma gaban mahaifinsa, ya kafa cibiya a Chennai a 1976. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ƙirga awa.

Mai_Nazari: Baba Dattijo, a yi mini afuwa, amma akwai wanda ka tsallake, kuma labarinsa ba ya goyon bayan maganarka gaba ɗaya. B.K.S. Iyengar ƙanin matar Krishnamacharya ne. Ya je Mysore a 1934 yana yaro mai yawan rashin lafiya, a 1937 kuma aka tura shi Pune ya koyar, yana da shekara 18. Shekara uku ke nan kacal. Abin da ya mayar da shi babban malami a kan aikin ya same shi: awanni masu yawa kullum yana gwaji a jikinsa, yana kuma kallon jikunan da suka kasa yin abin da ya ce. Daga nan ne amfani da bulo da maɗauri da bargo da kujera ya bunƙasa. Don haka fara koyarwa da wuri ba shi ne laifin ba. Daina koyo bayan an karɓi takarda, nan ɓarnar take.

Dattijo_62: Na karɓi gyara, ɗana. Sai dai ka tuna makarantar Iyengar ɗin ita ce a yau ta fi kowa tsanani. Sai ka yi aƙalla shekara uku kana ɗalibi a hannun malami mai shaida kafin ma a fara horar da kai, sannan ka yi shekaru ƙarƙashin mai ja maka gora, sannan a zaunar da kai ka koyar da aji a gaban masu tantancewa, kuma ana faɗuwa. Wanda ya sha wahalar koyo shi kaɗai bai so na bayansa su bi ta nan ba.

UmmuSalma: Kun tafi tarihi kun bar rabin tambayar yarinya. Ta ce wanda bai taɓa yi ba daga ina zai fara. Zinariya, saurara. Kayan aiki ba su da yawa: tabarmar roba mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Wadda ta fi haka kauri tana sa ƙafa rawa idan an tsaya da ƙafa ɗaya, wadda ba ta kai ba kuma gwiwa ke shan wuya. Tsawonta yawanci santimita 173 ne, faɗi 61, dogon mutum ya nemi mai 183. Sai bulo biyu na soso mai tauri ko na katako, da maɗauri mai tsawon mita biyu, da bargo ɗaya da za a iya ninkewa. Kada a yi da cikakken ciki, a bar awa biyu zuwa uku bayan cin abinci mai nauyi. Minti 20 sau uku ko huɗu a mako ya fi awa biyu rana ɗaya a mako amfani nesa ba kusa ba, saboda tsoka da jijiya da maimaici suke sabawa. A watan farko motsi shida sun wadatar: tsayuwar dutse (a tsaya a miƙe), sunkuyo da gwiwa a ɗan lanƙwashe, lanƙwasa baya sama da ƙasa a kan hannu da gwiwa, tsayuwar mayaƙi ta biyu (ƙafafu a ware, gwiwar gaba a lanƙwashe, hannuwa a buɗe), gada (a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu sama), sai kwanciyar hutu a ƙarshe. Kowane a riƙe shi numfashi biyar a hankali, wajen daƙiƙa 30 ke nan. Numfashi ta hanci. Duk lokacin da kika ga kin riƙe numfashi ko kin cije haƙora, kin wuce iyakarki, ki ja baya kaɗan.

Zinariya_09: Na gode Anti. To bidiyo fa? Mutum zai iya koya daga waya shi kaɗai?

UmmuSalma: Zai iya farawa, kuma da yawa ta nan suke shigowa. Matsalar ita ce bidiyo ba ya ganinki. Mutum zai rantse bayansa a miƙe yake alhali ya yi doro, ko ya ɗauka gwiwarsa na saitin yatsun ƙafa alhali ta faɗa ciki. Idan babu malami a kusa, ki jingina wayar a gefe, ki ɗauki kanki daga gefe da kuma daga gaba, ki kwatanta. Gani ya kori ji. Amma ko sau ɗaya a wata ne, ki samu mai ido ya dube ki.

Gashin_Ƙashi: Bari in shigo ta ɓangaren rauni, don nan ne amsar tambayar awa 200 take a wajena. Raunukan da aka fi samu sanannu ne, kuma kusan duka malami mai lura zai iya hana su.

Na farko jijiyar bayan cinya, daidai inda ta manne da ƙashin zama a ƙarƙashin ɗuwawu. Mai yawan sunkuyo da gwiwa a sanƙare, yana jan kansa da ƙarfi don ya taɓa ƙasa, nan yake ja. Alamar ita ce ciwon ba a tsakiyar naman cinya yake ba, a can sama yake wuri ɗaya kamar an soka tsinke, kuma yana ƙaruwa idan an daɗe a zaune. Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, don haka warkewarta watanni take ɗauka. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙara miƙa ta da zaton taurin jiki ne. Maganin farko a lanƙwasa gwiwa, a rage zurfin sunkuyo, a koma ƙarfafa wurin da motsin gada.

Na biyu gwiwa a zaman furen ruwa, wanda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya. Gwiwa gaɓa ce mai buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ɗaki, juyawarta kaɗan ce. Juyin da zaman ke buƙata daga ƙugu ya kamata ya fito. Idan ƙugu ya ƙi, aka kama ƙafa aka ja da hannu, gwiwa ce ke biyan bashin, guringuntsin da ke cikinta ta gefen ciki ya matse ko ya yage. Wasu kuma yanayin ƙashin ƙugunsu ne ba zai taɓa barin su yi wannan zaman ba ko sun shekara ashirin suna gwadawa, kuma ba su rasa komai ba.

Na uku kafaɗa da wuyan hannu a saukowar da ake yi kamar ta masu buga ƙirji a ƙasa, wadda suke kira chaturanga. A ajin da ke tafiya da sauri ana iya yin ta sau 30 ko fiye. Idan kan kafaɗa ya nutse ƙasa da gwiwar hannu, nauyi ya koma gaban gaɓar. Sabon ɗalibi ya sa gwiwoyinsa a ƙasa, ya sauka rabi. Tafin hannu kuma a baje yatsu, a danna gindin manuniya da babban yatsa, kada nauyin ya taru a dunduniyar hannu.

Na huɗu wuya. Ƙasusuwan wuya guda bakwai an yi su ne don ɗaukar kai mai nauyin kilo biyar ko kusa da haka. Tsayuwa a kan kai tana ɗora musu wani kaso na nauyin jiki duka. Ba abin da za a koya wa ajin sababbi ba ne. Tsayuwa a kan kafaɗa kuwa a ninke bargo biyu ko uku a sa ƙarƙashin kafaɗun, kai ya sauka a ƙasa, kuma kada a juya kai hagu ko dama ana cikinta.

ƊanAuta_21: Likita wannan bayani ya yi. Tambaya: mai shekara hamsin da wani abu, jikinsa ya sandare, zai iya? Ai cewa ake yi icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gashin_Ƙashi: Zai iya ƙwarai, ƙanena. Mai taurin jiki ma ya fi zama lafiya a aji fiye da mai laushin jiki sosai, domin jikinsa na tsayar da shi tun kafin ya yi ɓarna. Wanda ke ban tsoro shi ne wanda gwiwar hannunsa ko ta ƙafarsa ke wucewa baya idan ya miƙe ta. Irin wannan kowa yaba masa yake, malami ya riƙa nuna shi a gaban aji, shi kuwa rataye yake a kan jijiyoyin gaɓa ba tare da tsoka ta riƙe komai ba. Ƙarfi yake buƙata, a hana shi zurfafawa. Shi dai mai shekaru a tambaye shi hawan jini, ciwon zuciya, hawan jinin ido, da raunin ƙashi irin na tsufa. Mai hawan jinin ido ba a sa shi duk wani motsi da kai zai koma ƙasa da zuciya na tsawon lokaci, saboda matsin cikin ido na ƙaruwa. Mai raunin ƙashi a kauce wa dunƙule baya da ƙarfi da murɗa shi har ƙarshe. Mai juna biyu ban da kwanciya ruf da ciki, ban da murɗa ciki, ban da ɗaki mai zafi. Dukkansu su fara jin ta bakin likitansu.

Hajiya_Kulu: Ni fa akwai abin da ke raina tun da aka fara. Ba a ce abin nan yana da alaƙa da addinin Hindu ba? Ya mutum zai shiga har ya koyar bai san matsayinsa ba?

Mai_Nazari: Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma bai kamata a rufe ta da cewa motsa jiki ne kawai ba. Asalin yoga tarbiyyar ruhi ce da ta taso a Indiya cikin addinan Hindu da Buddha da Jain. A tsohon tsarin yoga mai rassa takwas na Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, zaman jiki reshe ɗaya ne kawai, na uku, kuma manufarsa a iya daɗewa a zaune ana tattara hankali. Yawancin jerin motsin da ake yi a tsaye a yau a ƙarni na ashirin aka tsara su. Abubuwan da ake samun saɓani a kansu sanannu ne: rera kalmar Om mai tsarki a addinin Hindu, karanta addu'o'i da Sanskrit, tsohon harshen Indiya, a farkon aji da ƙarshensa, da jerin motsin da sunansa ke nufin gaida rana. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da irin waɗannan rere-rere da ibada. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yi makamancin haka, amma ta bar ƙofa ga wadda motsa jiki ce zalla. Hukunci dai a tambayi malaman addini. Abin da ya shafi zaurenmu shi ne, wanda zai shiga kwas ya tambaya tun kafin ya biya: akwai rera addu'a? Dole ce? Wasu makarantun, musamman na gidajen ibada a Rishikesh, jadawalinsu da ita yake farawa tun asuba, wasu kuma babu ita sam.

Hajiya_Kulu: Madalla. Haka nake so a fito da magana fili.

Abu_Khalil: Kuma malami ma haƙƙi ne a kansa ya gaya wa ɗalibai abin da ke cikin ajinsa tun ranar farko. Kada mutum ya zo neman sauƙin ciwon baya ya tsinci kansa cikin abin da bai yarda da shi ba.

MaiTabarma: Mu dawo kan koyarwa. Abin da ke kayar da sababbin malamai ba rashin iya motsi ba ne, baki ne da ido. Iya yi daban, iya faɗa daban. Umarni daga ƙasa yake farawa: ƙafa tukuna, sai gwiwa, sai ƙugu, sai hannu, sai inda ido zai kalla. Aikatau a gaba, gajere: "Taka ƙafar dama gaba. Lanƙwasa gwiwa. Buɗe hannuwa." Umarni uku a motsi ɗaya sun isa, na huɗu ba wanda zai ji shi. Bayan nan ka yi shiru ka bar mutane su yi numfashi. Sabon malami tsoron shiru yake, sai ya cika ɗakin da surutu. Idan kana fuskantar aji, hagunka damansu ne, don haka sai ka koyi ɗaga hannun hagu kana cewa dama, kuma wannan kaɗai yana cin makonni. Babban kuskure kuma shi ne malami ya manne a kan tabarmarsa yana yin komai tare da aji. Kansa na ƙasa, ta ina zai ga wanda gwiwarsa ta karkace a layin baya? Ga shi yana nuna gefe ɗaya kullum, jiki bai ɗumama ba, aji uku ko huɗu a rana, shi ma sai rauni ya same shi. Ka nuna sau ɗaya, ka tashi ka zaga.

Tauraruwa: Ƙari a kan tsarin aji na minti 60, don kwasa-kwasai da yawa jeri ɗaya suke ba mutum ya haddace. Minti biyar na farko a zauna ko a kwanta a daidaita numfashi, a nan ne kuma malami ke tambayar masu ciwo. Minti goma na ɗumama gaɓoɓi. Wajen minti ashirin na motsin tsaye, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Idan akwai motsi mai nauyi da ake son kaiwa gare shi, a sa shi wajen minti na 35 zuwa 40, kuma duk abin da ya gabace shi ya zama shiri ne dominsa: in lanƙwasa baya ne, sai an buɗe gaban cinya da kafaɗa tukuna. Bayan lanƙwasa baya ba a faɗawa sunkuyo mai zurfi nan take, a ratsa da murɗa mai sauƙi ko a kwanta a rungume gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Minti goma a ƙasa. Kwanciyar hutu ta ƙarshe kada ta gaza minti biyar, kuma ita ce sababbin malamai ke yankewa idan lokaci ya ƙure musu. Gara a zubar da motsi biyu a bar ta. Abin da aka yi a dama a yi shi a hagu da tsawon lokaci ɗaya, a ƙirga numfashi, domin gefen biyu kullum shi ake yi wa ƙwange.

Malam_Numfashi: Har yanzu ba wanda ya taɓo numfashi, alhali nan ne ake ganin malamin da ya sani. Sabon ɗalibi a fara masa da daidaitawa: shaƙa ƙirga huɗu, fitarwa ƙirga huɗu, na minti uku. Idan ya zauna, a tsawaita fitarwa zuwa shida. Fitar da numfashi a hankali shi ke kwantar da bugun zuciya. Na sauya kafar hanci kuma ga yadda yake: toshe dama da babban yatsa, shaƙa ta hagu, toshe hagu da yatsan zobe, fitar ta dama, shaƙa ta dama, toshe, fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan, biyar sun isa a farko. Riƙe numfashi ba na masu farawa ba ne. Wanda ake bugawa da ciki da sauri kuwa, kapalabhati, yana fitar da iskar kabon da yawa daga jini, shi ya sa ake jin jiri da tsikarin yatsu. Wasu malamai sai su ce wa ɗalibi alamar ci gaba ce. Ba haka ba ne, alama ce ta a tsaya. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai farfaɗiya, mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata a ciki kwanan nan, duk ba nasu ba ne.

ƊanAuta_21: To yogar ɗaki mai zafi fa? An ce ta fi saurin sa jiki laushi.

Gashin_Ƙashi: Salon Bikram ke nan da 'yan uwansa: motsi 26 da numfashi iri biyu, minti 90, a ɗakin da zafinsa ya kai digiri 40. Zafi na sa ka ji kamar ka fi laushi, sai ka wuce inda jikinka zai tsaya a ranar da babu zafi. Ga zufa mai yawa da ke tafiya da ruwa da gishirin jiki. Nauyin da aka ga ya ragu bayan aji ruwa ne. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ko mai juna biyu ya nisance ta.

Tauraruwa: Akwai batun taɓa jikin ɗalibi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A da malami kan zo ya danna bayanka ko ya ja ƙafarka ba tare da ya tambaya ba. An samu raunuka ta haka, an kuma samu cin zarafi a manyan makarantu, har da na mashahuran malamai. Yanzu ƙa'idar ita ce gyara da baki tukuna, in bai yi ba a nuna, in bai yi ba a kawo bulo ko maɗauri. Hannu shi ne na ƙarshe, kuma da izini kowane lokaci. Wasu ɗakunan suna ajiye ɗan kati a gaban tabarma, fuska ɗaya na nufin a taɓa, ɗayar a bari, don kada mai kunya ya sha wahalar faɗa a gaban mutane. Mai awa 200 kuwa, shawarata ya ajiye hannunsa a shekarar farko. Bai san jikin da ke gabansa ba tukuna.

Zinariya_09: To idan na fahimta, takardar ba ta da amfani ke nan?

MaiTabarma: A'a, kada ki ɗauka haka. Yawancin ɗakunan motsa jiki ba za su ɗauki malami ba sai da ita, kamfanonin inshora ma suna tambayarta kafin su rufa wa malami baya idan ɗalibi ya ji rauni. A ƙasashe da yawa doka ba ta hana kowa kiran kansa malamin yoga ba, don haka takardar ce ɗan abin da ake dubawa. Kuma ba ta Amurka kaɗai ba ce. A Indiya gwamnati ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da magungunan gargajiya da yoga a 2014, a ƙarƙashinta akwai hukumar ba da shaidar yoga mai matakai: awa 200, 400, 800, har 1600, kuma ita jarrabawa take yi, ta rubutu da ta aiki. A Birtaniya akwai British Wheel of Yoga tun 1965, kwas ɗinta na malanta yakan ɗauki shekaru. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikin a 2015, makarantu sun ƙaru sosai, masu kyau da marasa kyau. Kafin ki zaɓa ki tambaya: shekara nawa babban malamin ya yi yana koyarwa, kuma awa nawa shi da kansa zai tsaya a gabanku? Ɗalibai nawa ne a rukuni? Wa ke koyar da ginin jiki, mene ne iliminsa? Sau nawa za ki koyar da cikakken aji ana kallonki ana gyara miki? Akwai wanda ya taɓa faɗuwa? Makarantar da ta ce kowa na cin jarrabawarta, ki yi tunani.

Abu_Khalil: Ni dai ra'ayina shi ne: shekara biyu mutum na yi a jikinsa kafin ya nemi kwas. Wanda bai taɓa jin yadda motsi ɗaya ke sauyawa cikin wata shida ba, me zai gaya wa ɗalibin da ya gaji a mako na uku?

Mai_Nazari: Malam Abu Khalil, da yawa daga masu shiga kwas ɗin ba koyarwa ta kai su ba, so suke su zurfafa nasu. Waɗannan ba sai sun jira shekara biyu ba. Sharaɗinka ya dace da wanda zai tsaya gaban aji.

Dattijo_62: Wanda zai tsaya gaban ajin ma akwai tsani. Bayan kwas ya nemi gogaggen malami ya zauna a bayan ajinsa yana kallo kawai, da littafi a hannu, aji goma ko ashirin. Sannan ya zama mataimaki mai miƙa bulo da bargo. Sannan ya tara mutum uku ko huɗu ya koyar da su, ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara daga baya, zai ji sau nawa ya rikita hagu da dama. Ita kanta Yoga Alliance ba ta kiran mai awa 200 gogagge sai ya koyar na awa 1000 kuma ya cika shekara biyu da gama horo.

UmmuSalma: Baba, sai dai a ƙara da cewa sababbin malamai ajin sababbin ɗalibai ake ba su, alhali shi ne aji mafi wuya. A nan ake samun mai ciwon gwiwa da mai hawan jini da wadda ta haihu wata uku da suka wuce, duk a ɗaki ɗaya. Kowane motsi sai malami ya tanadi iri uku: na kujera ko bango, na bulo, da cikakke. Kuma ya fara nuna mai sauƙin, domin idan ya fara da mai wuyar kowa shi zai bi.

Zinariya_09: Anti UmmuSalma, wannan na kujera da bango da kika ambata, ya ake yin sunkuyon kare da su, wato wanda ake dafa ƙasa da hannuwa da ƙafafu a ɗaga ƙugu sama? Wuyan hannu ne matsalar masu farawa da yawa.

UmmuSalma: Ki fuskanci bango, ki ɗora tafukan hannu a kansa daidai tsayin ƙugu, faɗin kafaɗa. Ki ja da baya har hannuwa da gadon baya su miƙe su yi layi ɗaya, ƙafafu a ƙarƙashin ƙugu, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kunnuwa tsakanin damatsa, kada kai ya rataya. Tura bangon, ki ja ƙugu baya, numfashi biyar. Idan ya zauna bayan mako biyu ko uku, ki koma kan mazaunin kujera, amma ki jingina kujerar da bango don kada ta zame. Daga nan sai bulo biyu a ƙasa, su ma a tokare da bango, sannan tabarma.